Amfani da Na'ura Wajen Haɗa Ruwan Gishiri Domin Kiwon Kifin Teku a Gida

1.0 Gabatarwa

Kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi al'ada ce da ta yaɗu a ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya. Masu wannan sha'awa sun kasu gida biyu: akwai masu kiwon kifin kogi da tafki, akwai kuma masu kiwon kifin teku da sauran halittunsa, irin su murjani da jatan lande. Kashi na biyu ya fi wahalar sha'ani, domin halittun teku ba sa rayuwa sai a cikin ruwa mai gishiri daidai gwargwadon na inda aka ɗebo su. Da yake akasarin masu kiwon suna zaune ne nesa da gaɓar teku, tilas ne su haɗa ruwan da kansu, kuma su riƙa maimaita wannan aiki muddin akwatin yana nan.

A wannan babi za a yi bayanin yadda ake haɗa irin wannan ruwa, da dalilin da ya sa aka ɗora wa na'ura wani ɓangare na aikin, da matakan da ake bi, da kuma haɗurran da ke tattare da hakan. Babin zai amfani ɗalibi mai koyon aikin malanta ta fuska biyu: zai ga yadda ake tsara bayani daki-daki a kan batun kimiyya, zai kuma ga yadda Hausa take ɗaukar irin wannan batu da kalmominta.

2.0 Abin da Ruwan Teku Ya Ƙunsa

Idan aka auna kilo 1 na ruwan teku, za a tarar da kimanin giram 35 na narkakken gishiri a cikinsa. Wannan shi ne ma'aunin da masu kiwo suke kira kashi 35 cikin 1,000. Sai dai gishirin ba iri ɗaya ba ne. Sinadarin kulorayid shi ne ya fi yawa, da kimanin kashi 55 cikin 100, sai sodiyam da kusan kashi 31. Waɗannan biyun ne suke haɗuwa su ba da gishirin miya. Ragowar kuwa ta ƙunshi salfet, kusan kashi 8, da magniziyam, kusan kashi 4, sai kalsiyam da fotasiyam, kowannensu kashi 1 da 'yan kai. Bayan su akwai wasu sinadarai masu yawan gaske waɗanda adadinsu bai taka kara ya karya ba, amma rayuwar halittun teku tana bukatar wasu daga cikinsu.

Wani jirgin ruwan bincike na Ingila mai suna Challenger ya zagaya tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876. Masanin sinadarai William Dittmar ya nazarci samfur 77 na ruwan da jirgin ya ɗebo, ya fitar da sakamakonsa a 1884. Abin da ya tabbatar shi ne, ko da wani teku ya fi wani gishiri, rabon da ke tsakanin manyan sinadaran nan ba ya sauyawa. Wannan bincike yana da muhimmanci ga mai kiwo, domin ma'anarsa ita ce haɗi guda ɗaya ya wadatar ga kifin da aka kamo daga tekun Indonusiya da wanda aka kamo daga tekun Karibiyan.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa gishirin miya kaɗai ba zai yi ba. Ba shi da magniziyam da kalsiyam yadda ake bukata, alhali da kalsiyam ne murjani yake gina ƙashinsa. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin miligiram 400 zuwa 420 na kalsiyam a kowace lita, da kusan miligiram 1,300 na magniziyam.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1853 aka buɗe gidan baje kolin kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na birnin Landan. Masanin halittu Philip Henry Gosse yana cikin waɗanda suka samar wa gidan halittun teku, kuma shi ne ya yayata kalmar akwariyam ta hanyar littafin da ya wallafa a 1854. A shekarar ce kuma ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku na jabu da 'yan nau'o'in gishiri, domin sauƙaƙa wa mutanen da ɗauko ruwa daga gaɓa yake yi wa tsada.

Haɗin Gosse bai cika ba, amma ya buɗe ƙofa. A shekarun 1960 wani kamfani a jihar Ohayo ta Amurka ya fara sayar da haɗaɗɗen gishiri mai suna Instant Ocean, wanda mutum zai zuba a ruwa kawai ya dama. A daidai wannan zamani ne Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka samar da tantanin tace ruwa mai inganci, wanda daga baya aka ƙera ƙanana irinsa domin amfanin gida. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, wato gishiri a buhu da tataccen ruwa a gida, ita ce ta mayar da kiwon kifin teku abin da mutum zai iya yi a ɗakinsa.

4.0 Dalilin Ɗora wa Na'ura Aikin

Teku yana da girman da gishirinsa ba ya sauyawa farat ɗaya. Halittun da ke cikinsa sun saba da yanayi guda tun fil azal. Akwatin gilashi kuwa ɗan ƙarami ne, ɗan abu kaɗan yakan birkita shi.

Jinin kifin teku bai kai ruwan da yake ciki gishiri ba. Gishirinsa kusan sulusin na teku ne. A ɗabi'ance ruwa yakan ratsa tantani daga inda gishiri ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa. Saboda haka kullum ruwan jikin kifin yana tsiyayewa zuwa waje. Domin ya mayar da gurbin abin da ya rasa, sai ya riƙa shan ruwan teku, yana fitar da rarar gishirin ta gaɓoɓin numfashi da ke gefen kansa. Idan gishirin akwati ya hau, aikin nan yakan yi masa yawa, ya galabaita. Murjani da tauraruwar teku sun fi kifi rauni ta wannan fuska, domin gishirin jikinsu yana bin na ruwan da suke ciki ne, kuma sauyi na gaggawa yakan hallaka su.

Abubuwa biyu ne suke tilasta wa mai kiwo taɓa ruwan akwatinsa. Na farko shi ne ƙafewa. Ruwa yana tashi ya zama tururi, amma gishiri ba ya tashi. Misali, idan akwati mai lita 200 ya yi asarar lita 10, gishirinsa zai tashi daga kashi 35 zuwa kusan kashi 37 cikin 1,000. Maganin wannan shi ne a cika gurbin da ruwa marar gishiri ko kaɗan. Na biyu shi ne taruwar datti. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, ƙwayoyin bakteriya su juya ta zuwa nitirayit, sannan zuwa nitiret. Shi nitiret yakan taru, ya jawo gansakuka, ya takura wa murjani. Maganinsa shi ne a riƙa kwashe wani kaso na tsohon ruwa ana zuba sabo mai gishiri. Yawancin masu kiwo sukan sauya kimanin kashi 10 cikin 100 a kowane mako.

Wajibi ne ɗalibi ya bambance waɗannan ayyuka biyu: gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwa marar gishiri ake cika shi, gurbin ruwan da aka kwashe kuwa da ruwan gishiri. Wanda ya haɗa su wuri guda zai wayi gari gishirin akwatinsa ya wuce kima.

Ayyukan nan ba su da wuyar fahimta, maimaituwarsu ce take gajiyar da mutum. Ɗan Adam yakan manta, yakan yi tafiya, yakan yi rashin lafiya, yakan kuma yi ƙiyasi maimakon awo. Na'ura kuwa tana iya ƙara ɗan ruwa sau da yawa a yini ba tare da ƙosawa ba. Don haka babbar manufar amfani da ita ita ce tabbatar da ɗorewar yanayin ruwa. Hutun da mai kiwo yake samu riba ce ta biyu.

5.0 Matakan Aikin

5.1 Tace Ruwa

Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse suna ɗauke da abubuwan da ba sa cutar da mutum amma suna cutar da halittun teku, kamar kilorin da tagulla da fosfet. Saboda haka ake bi da ruwan ta matata mai hawa huɗu. Hawa na farko yana tare yashi da laka. Na biyu gawayi ne da aka sarrafa, wanda yake cire kilorin, domin kilorin yana cinye tantanin da ke gaba. Na uku shi ne tantanin kansa, inda ake tura ruwa da ƙarfi ya ratsa, ya bar fiye da kashi 90 cikin 100 na narkakkun abubuwa a baya. Na huɗu wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da tsakiya, waɗanda suke tsotse ɗan abin da ya rage. Akwai ƙaramar na'ura mai auna narkakkun abubuwa a ruwa, kuma abin da ake so shi ne ta nuna 0.

Wannan mataki ya fi kowane sauƙin miƙa wa na'ura. Ana sanya ɗan ƙwallo mai yawo a kan ruwa a cikin duron ajiya, irin wanda ake gani a tankin ban-ɗaki. Da zarar duro ya cika, sai ƙwallon ya tashi ya toshe hanya. Wasu sukan ƙara bawul mai aiki da lantarki, wanda yake rufe bututun shigowar ruwa. Abin lura shi ne irin wannan matata tana zubar da ruwa mai yawa, galibi lita 3 zuwa 4 a kan kowace lita 1 da ta tace. Mai tattali yakan tara wannan ruwa domin shara ko wanki.

5.2 Zuba Gishiri da Damawa

Ana amfani da duro biyu na roba marar guba: ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na haɗi. Famfo ne yake ɗauke ruwa daga na farko zuwa na biyu har ya kai alamar da aka tsayar. Sannan a zuba gishiri, kimanin giram 35 zuwa 40 a kowace lita gwargwadon kamfanin da ya yi shi, wato kilo 3.5 zuwa 4 ke nan a lita 100. Ƙa'ida ita ce gishiri ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba a tsiyaya ruwa a kan tulin gishiri. In aka yi akasin haka, kalsiyam zai haɗu da kabonet su zama farin gari mai kama da alli, su kwanta a ƙasa, ruwan kuma ya rasa su. Bayan an zuba, famfo zai yi ta juya ruwan na sa'o'i, hita kuma ta kai ɗuminsa zuwa digiri 25 a ma'aunin salsiyos, daidai da na akwati.

A nan ne na'ura take cin karo da cikas mafi girma. Gishirin yana da zuƙar danshi. Idan aka bar shi a mazubi kusa da ruwa sai ya dunƙule ya toshe hanya. Haka kuma ba a iya narka shi duka a ɗan ruwa kaɗan a ajiye, saboda matsalar alli da aka ambata. An bi hanyoyi daban-daban wajen warware wannan. Wasu sun ƙera mazubi mai murfi, da ƙarfe mai murɗa-murɗa wanda yake tura gishiri kaɗan-kaɗan a kan sikeli. Wasu kamfanoni kuma sukan sayar da haɗin a narke amma a rarrabe cikin jarkoki daban-daban, sai a cikin ruwa mai yawa suke haɗuwa. Duk da haka, mafi yawan masu kiwo sun zaɓi su auna gishirin da hannunsu sau ɗaya ko biyu a wata, su bar wa na'ura sauran aikin.

5.3 Auna Yawan Gishiri

Akwai kayan awo iri uku. Na farko shi ne haidiromita, mai auna nauyin ruwa idan aka kwatanta shi da ruwa zalla. Abin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026. Na biyu shi ne rifraktomita, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa, ya nuna yadda haske ya karkata. Waɗannan biyun idon mutum suke bukata. Na uku kuwa sanda ce da ake tsomawa a ruwa, mai auna yadda lantarki yake ratsa shi, domin gwargwadon yawan gishiri gwargwadon sauƙin wucewar lantarki. Ita ce take iya aika wa kwamfuta sakamako kai tsaye, don haka da ita ake aiki a tsarin na'ura. Sai dai zafi yana shafar awonta da kimanin kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, shi ya sa ake haɗa ta da ma'aunin zafi. Kumfar iska ko gansakuka a bakinta ma sukan sa ta yi ƙarya.

5.4 Cika Gurbi da Sauya Ruwa

Domin cika gurbin ruwan da ya ƙafe, ana maƙala na'urar gano tsayin ruwa a jikin akwati. Idan ruwa ya sauka, sai ta kunna ƙaramin famfo ya zuba tataccen ruwa har ya koma alamarsa. Kamfanin Tunze na Jamus yana cikin waɗanda suka yi suna da irin wannan na'ura. Bukatar hakan takan ƙaru a inda iska ta bushe, kamar ɗakin da ake hura wa ɗumi a sanyin Turai, ko kuma lokacin hunturu a ƙasar Hausa.

Domin sauya ruwa kuwa, ana amfani da famfo biyu masu matsa tiyo, ɗaya yana fitar da tsohon ruwa, ɗaya yana shigar da sabo daidai wa daida. A akwati mai lita 200, maimakon a kwashe lita 20 rana ɗaya, sai na'ura ta riƙa sauya kusan lita 3 kowace rana. Ta haka halittun ba sa ma jin an taɓa ruwansu.

5.5 Kwamfuta Mai Kula da Tsari

Abin da yake haɗa waɗannan sassa shi ne wata ƙaramar kwamfuta. Akwai na sayarwa, irin su Apex ta kamfanin Neptune Systems a Amurka da ProfiLux ta kamfanin GHL a Jamus. Akwai kuma masu haɗa tasu da allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, ko Raspberry Pi, wanda ya fito a Ingila a 2012. Umarnin da ake ba ta na sharaɗi ne: idan duro ya cika, kashe famfo, idan gishiri bai kai ma'auni ba, kada a tura ruwa zuwa akwati, idan wani abu ya saɓa, aika saƙo zuwa wayar mai kiwo.

6.0 Haɗurra da Rigakafinsu

Na'ura ba ta da hankalin gane kuskurenta. Idan ta ɓata, za ta ci gaba da ɓarna da irin naciyar da take gyara da ita. Misali, ɓawon gishiri ko ɗan dodon koɗi yana iya maƙale ƙwallon gano tsayin ruwa. Sai famfo ya yi ta zuba ruwa marar gishiri, akwati ya tsarke, ya kuma malala a ɗaki. A dare guda mutum yana iya rasa halittun da ya shekara yana reno. Haka nan idan bakin tiyo ya fi ruwan duro ƙasa, ruwa zai ci gaba da zuƙowa ko da an kashe famfo. Famfo biyu na sauya ruwa ma sukan saɓa wa juna a hankali, gishiri ya yi ta hawa ko sauka ba a ankara ba.

Masu ƙwarewa sun tsayar da wasu dokoki na rigakafi:

(a) Kada a dogara da na'urar gano tsayin ruwa guda ɗaya. A sanya ta biyu sama da ita, wadda aikinta ya bambanta da na ta farko.

(b) A ƙayyade wa famfo lokaci, ta yadda zai mutu da kansa bayan 'yan mintuna ko da ba a ba shi umarni ba.

(c) Kada duron cika gurbi ya fi abin da akwati zai iya ɗauka ba tare da halaka ba, kuma kada a jona matata kai tsaye da akwati.

(d) A zaɓi bawul mai rufewa idan wuta ta ɗauke.

(e) A ajiye na'urar gano yoyo a ƙasa, a kuma sanya makunni mai yanke wuta da kansa idan lantarki ya ɓalle, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki ƙwarai.

(f) A riƙa gwada sandar awo da ruwan gwaji wanda aka san yawan gishirinsa, a kuma kwatanta ta da rifraktomita a kai a kai.

A wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa, tanadin batir ko faranti mai aiki da hasken rana ya riga duk waɗannan muhimmanci, domin idan famfon juya ruwa ya tsaya na tsawon sa'o'i, iskar da kifi yake shaƙa takan ƙare.

7.0 Kammalawa

An ga cewa rayuwar halittun teku a cikin akwati ta rataya ne a kan ruwa mai gishiri kashi 35 cikin 1,000, wanda ba ya hawa ba ya sauka. An ga kuma cewa na'ura ta dace da ayyuka masu maimaituwa, wato tacewa da cikawa da damawa da sauyawa, amma auna gishiri da tabbatar da gaskiyar kayan awo sun fi zama a hannun mutum. Hausawa sukan ce rigakafi ya fi magani, kuma tsari mai kyau shi ne wanda aka gina da tunanin cewa kowane sashe nasa zai iya lalacewa wata rana. Mai kiwon da ya sayi na'ura ya daina duba akwatinsa, ya jefa halittun da ya ɗauki amanarsu cikin haɗari.

8.0 Auna Fahimta

1. Kawo manyan sinadarai shida da ke cikin ruwan teku, tare da bayyana dalilin da ya sa gishirin miya kaɗai ba ya wadatarwa.

2. Bambance tsakanin cika gurbi da sauya ruwa. Wane irin ruwa ake amfani da shi a kowannensu?

3. Akwati mai lita 100 da gishiri kashi 35 cikin 1,000 ya yi asarar lita 5 ta hanyar ƙafewa. Lissafa sabon yawan gishirinsa.

4. Me ya sa zuba gishiri ya fi sauran matakai wuyar miƙa wa na'ura?

5. Tsamo kalmomi biyar na aro da biyar na ƙirƙira daga wannan babi, sannan a tsara darasi na minti 40 domin koyar da su ga 'yan ƙaramar sakandare.